Ɗiban Wuta a Birnin Toka

Can arewa da Agadas, bayan rijiyar da direbobi ke kira Rijiyar Ƙarshe, akwai wani tafkin ruwan gishiri wanda ba a hango gaɓarsa ta biyu. Kwana arba'in kacal a shekara, a tsakiyar sanyi, ruwan yakan daskare ya yi kaurin da motar kaya za ta bi ta kansa. Inda ƙanƙarar ta ƙare, nan Birnin Toka yake. Mazaunansa aljanu ne da wutar jikinsu ta mutu tun zamanin da, kuma an ce buhun gawayi ɗaya sukan musanya shi da dunƙulen azurfa.

Wannan labarin azurfa shi ya ja Tankari, wani direba ɗan Jibiya, ya yi lodin gawayi ya nufi arewa. Shekara ta zagayo, babu shi babu labarinsa.

Da sanyi ya sake shigowa, sai uwarsa Gwaggo Ige ta aika a kira mata Barmo, ɗan wanta. Barmo da Tankari taubasai ne, tun suna yara ba su taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Barmo na kiransa bawana, shi kuma yana kiran Barmo mai kunnen faranti. Amma mota ɗaya suka koya, kwano ɗaya suka ci.

Ya same ta a bakin murhu. Ta ce, "Barmo, ni dai jikina bai ba ni ɗan nan ya mutu ba. Ka je ka dawo mini da shi."

Ya ce, "Gwaggo, ko ba ki faɗa ba na riga na cika tanki."

Ta ɗauko kurfoti ta zuba garwashi daga murhunta, ta rufe da toka. "Wutar gidan nan tun ranar da aka kawo ni ba ta taɓa mutuwa ba. Ka tafi da ita, ka riƙa ba ta gawayi. Da a kaskona mai tsagaggen baki zan zuba maka, ya fi riƙe zafi, to wata tsohuwa ta zo ɗiban wuta bara, ba ta zo da abin ɗiba ba, na ara mata. Har yau shiru. Kwana uku da zuwanta Tankari ya fara zancen arewa."

Barmo bai sa wannan magana a rai ba. Ya ɗaure kurfotin da waya a gaban mota, kusa da giya, ya ja tsohuwar motarsa mai ƙafa shida, cike da gawayi da barguna.

A tashar Agadas ya yi ta tambaya har aka nuna masa wani Ba'abzine mai suna Agali, wanda shi kaɗai aka sani ya taɓa zuwa bakin birnin ya dawo. Yatsu biyu ne suka rage a hannunsa na dama. Agali ya dubi kurfotin ya daɗe, sannan ya ce, "Ku Hausawa halinku ne ke kashe ku a can. An koya muku ba a hana maƙwabci wuta. To su sun san haka. Bayan Rijiyar Ƙarshe duk wanda ya miƙa wuta da hannunsa, da zafin jikinsa yake miƙawa. Ni rabin miƙawa na yi, na janye." Ya ɗaga hannun. "Kuma ka lissafa kwanakinka. Yau talatin da huɗu da daskarewar tafki."

Kwana uku Barmo yana tuƙi cikin duwatsu baƙaƙe. Sanyi ya yi ta ƙaruwa har ruwan jarka ya koma dutse, sai ya fasa da sifana ya narkar a buta. Man gas ma yakan yi kauri cikin tanki kamar man shanu. Kowace safiya sai ya tone tokar kurfoti, ya ɗebi garwashi a faifan ƙarfe, ya tura ƙarƙashin inji da tanki, ya tsuguna yana fifita har man ya saki, kafin mota ta yarda ta tashi. Duk direban sahara ya san wannan aiki. Wanda ba shi da wuta da safe, ba shi da mota.

Da hantsin rana ta huɗu ya iso Rijiyar Ƙarshe. A bakinta ya ga wata tsohuwa zaune kan ƙunshin kaya, da zane ɗaya tal a jikinta. Babu raƙumi, babu jaki, babu sawun komai a ƙasa.

Ya so ya wuce. Amma ba a barin mutum a bakin rijiya, ko maƙiyinka ne. Ya taka birki, ya sauke gilashi kaɗan.

"Sannu Iya. Ina zuwa?"

"Inda za ka, ɗan nan."

"Ni ban faɗa miki inda za ni ba."

"Daga nan hanya ɗaya ce, kuma ba ka san ta ba. Ni na san ta."

Gaskiyarta, domin gaba da rijiyar babu alamar taya ko ɗaya. Ya buɗe mata ƙofa. Da ta zauna sai ya lura da abu guda: shi duk numfashin da ya yi sai tururi ya fita daga bakinsa, ita kuwa tana magana, bakinta babu ko ɗigon tururi. Ya yi bisimilla a zuci, ya jawo kurfoti kusa da ƙafarsa.

Ba su yi nisa ba ta ce, "Ɗan nan, ɗan miƙo mini garwashi ɗaya in ɗumama yatsuna."

Ya ce, "Ga bargo nan bayan kujera, Iya."

"Bargo ai ba wuta ba ne."

"Ni ma ba murhu ba ne."

Ta yi dariya, haƙoranta fari fat, babu wanda ya faɗi. Ta nuna masa hagu, ya bi hagu, idonsa ɗaya a hanya ɗaya a hannunta.

Bayan azahar suka gangara wani kwari. Motoci ne birjik, wasu irin na zamanin kakanni, raɓa ta daskare a jikinsu ta yi fari. Kusa da kowace mota akwai mutum a tsaye, bai faɗi ba, bai ruɓe ba, hannunsa na dama a miƙe, tafin a buɗe. Barmo ya rage gudu yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Babu Tankari.

Sai ga wani dattijo mai farin gemu a tsakiyar hanya, da buta a hannu, yana rawar ɗari. Ya yi sallama cikakkiya, ya ce, "Ya kai bawan Allah, ruwan alwalata ya daskare, lokacin salla yana wucewa. Taimake ni da wuta kaɗan, ladan ya zama naka."

Hannun Barmo har ya kai kan kurfoti. Sai ya dubi bakin dattijon. Babu tururi. Ya ce, "Malam, ga ƙasa nan mai tsarki, yi taimama." Ya taka totur. A madubi ya ga dattijon ya zube ya zama tulin toka, butar na birgima.

Kafin su fita kwarin sai ya ji murya daga bayan wani dutse, muryar Tankari sak. "Yaya Barmo, don girman Allah ka taimake ni. Sanyi zai kashe ni. Miƙo mini wuta, Yayana."

Barmo ya taka birki. Ya tsaya cak. Tsohuwa ta ce, "Ba ɗan'uwanka ba ne? Je ka mana."

Ya sake kasa kunne ga muryar, sannan ya yi tsaki. "Bawana bai taɓa ce mini Yaya ba. Ko a bakin kabari yake, da zagi zai fara." Ya sa giya ya wuce. Tsohuwa ta kawar da kai.

Washegari da safe, yana tsugune yana fifita wuta ƙarƙashin inji, iska ta buɗe bakin ƙunshin tsohuwar da ke kan dutse. Ya ga kasko a ciki, baƙi, mai tsagaggen baki. Ya san tsagar nan, domin shi da Tankari suka yi ta suna yara, ranar da suka yi kokawa kan ƙanzo. Kaskon Gwaggo Ige ne.

Jikinsa ya yi sanyin da ya fi na gari. Ashe wadda ta je har gida ta ja Tankari ita ce ke zaune a gefensa. Bai nuna ya gani ba. Da mota ta tashi sai ya kwance kurfoti, ya zazzage sifanu daga akwatin ƙarfe, ya sa kurfotin ciki, ya toshe gefen murfin da tsumma, ya datse da kwaɗo, ya rataya makullin a wuya.

Tsohuwa ta ce, "Me ka ɓoye haka, ɗan nan?"

"Kayan aiki."

"To, Allah ya tsare."

Rannan suka hau tafki. Fari ne fat har iyakar gani, taya na ƙara kamar ana tauna ƙashi. Da Barmo ya leƙa ƙasa sai ya ga ayarin raƙuma a ƙarƙashin ƙanƙara, suna tafiya kansu a ƙasa ƙafafunsu a sama, tafin ƙafarsu na bin tayoyinsa. Wani daga cikin masu jan su ya ɗago ya yi masa alamar ya tsaya. Bai tsaya ba. Ya kwana tuƙi bai kashe inji ba, bai buɗe akwati ba, don duk sanda ya waiwaya sai ya ga idon tsohuwa a kan makullin wuyansa.

Da gari ya waye, ranar cikon arba'in, ganuwar birnin ta bayyana, doguwa, launin toka, babu hayaƙi ko ɗaya a samanta. A bakin ƙofa wani ƙato yana tsaye, tsawonsa ya kai na giginya, gemunsa duk ƙanƙara. Ya ɗora tafin hannu a kan motar, nan take inji ya yi tari biyu ya mutu.

Ƙaton ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wane ne kai, kuma me ka zo nema a garin da ba a dafa abinci?"

"Ni ne Barmo ɗan Jibiya. Na zo neman taubashina Tankari."

"Wanda ya shigo nan da mota, da ƙafa yake ƙarasawa. Ka sani idan rana ta take tsaka, tafki zai buɗe bakinsa, kuma ba ya rufewa sai baɗi. Shiga."

Barmo ya ce a ransa, bari in ga wutata tukuna. Ya juya wa tsohuwa baya, ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga murfi. Ya tona toka. Ya sake tonawa har ƙasa. Gawayi ne baƙi, sanyi ƙalau. Ya toshe ta da kyau, ta rasa iska, ta mutu. Wutar da Gwaggo ta raya shekara arba'in, shi ya kashe ta da hannunsa cikin kwana ɗaya.

Tsohuwa ta leƙo ta kafaɗarsa. "Ni dai ban taɓa ba."

Barmo ya miƙe. Ya ɗauki kurfotin haka nan ya shiga birni.

Mutanen garin dogaye ne sirara, fatarsu kamar tokar murhu, suna tafiya a hankali ba sa ƙara. Duk wanda ya wuce sai ya leƙa kurfotin, in ya ga babu komai ya kau da kai. A bakin kasuwa ya ga motar Tankari da aka turo ciki, gawayinta ko buhu ɗaya ba a taɓa ba. Ga Tankari nan tsaye a gefenta, da hularsa a karkace kamar kullum, hannu a miƙe, fuskarsa da ɗan murmushin mutumin da ke yin abin kirki. Barmo ya taɓa kumatunsa, ya ji kamar ya taɓa ƙarfe.

Ya ce, "Wawa. Kai da ko goro ba ka bayarwa, sai a nan ka tashi yin kyauta."

Tsohuwa ta kai shi fada. Wani zaure ne mai faɗin filin idi, bangonsa duk ramuka, cikin kowane rami da kasko, cikin kowane kasko da garwashi guda ɗaya yana ci, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Sun fi dubu. A tsakiya Sarkin Murhu yana zaune kan duwatsu uku manya, ya miƙa tafukansa wajen bangon yana jin ɗumi.

Sarki ya ce, "Ya kai baƙo, an gaya mana ka hana jakadiyarmu wuta, ka hana limaminmu, ka hana muryar ɗan'uwanka. Ba mu taɓa ganin Bahaushe mai rowa irinka ba. Yanzu ga ka da tukunyar toka. Me za ka ba mu?"

Barmo ya durƙusa, don ko sarkin aljanu sarki ne. Ba shi da wuta, ba shi da mota, rana kuma tana hawa. Ya dubi kaskwayen bango, ya dubi ƙunshin da ke kan tsohuwa. Sai wani abu ya faɗo masa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo bayarwa ba. Salamu alaikum, na zo ɗiban wuta."

Fadawa suka fashe da wata irin dariya mai kama da zubar yashi.

Sarki ya ce, "Maƙwabci ke ɗiban wuta. Tsakaninmu da garinku tafiyar kwana goma ce. Yaushe muka zama maƙwabta?"

"Tun bara, ranka ya daɗe. A sa jakadiya ta kwance ƙunshinta."

Tsohuwa ta ƙanƙame ƙunshin. Sarki ya dube ta sau ɗaya, ta sauke, ta kwance. Kasko ya bayyana.

Barmo ya ce, "Wannan kaskon gwaggona ne, Ige ta Jibiya. Ga tsagar da muka yi masa nan. Jakadiyarka ta yi sallama a ƙofar gidanmu ta ce ta zo ɗiban wuta, aka ba ta, har da aron kasko. A wurinmu wanda ya ɗebi wuta a gidanka, ranar da taka ta mutu gidansa za ka. Da wannan al'ada kuke kama mu. In ta ɗaure mu, ta ɗaure ku. Tawa ta mutu, ga shi kowa ya gani."

Sarki ya juya ga tsohuwa. "Ke Jakadiya, an umarce ki ki ɗebo wuta, ko an umarce ki ki riƙe kayan mutane?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya shugabana, yana riƙe zafi ne. Na kasa rabuwa da shi."

Sarki ya daɗe yana shafa gemu, toka na zuba. Ya ce, "Maganarka ta tsaya, ɗan Adam. Ba za a ce Birnin Toka ya hana maƙwabci wuta ba. Amma mai ɗiban wuta sau ɗaya yake ɗiba, garwashi ɗaya. Kowane garwashi a bangon nan zafin jikin mutum guda ne. In ka ɗauki na ɗan'uwanka, ka sa masa a tafin hannu, zai tashi. In ka ɗauki na wani, wani za ka tayar, naka kuma ya zauna tare da mu. Ba mai nuna maka."

Barmo ya karɓe kaskon Gwaggo daga hannun tsohuwa, ya fara bin bango. Duk iri ɗaya ne, ja, shiru. Jakadiya ta matso ta raɗa masa, "Na uku daga ƙasa, can kusurwa. Na rantse." Wani bafade ya yi gyaran murya ya nuna wani daban da haɓa. Barmo bai dubi ko ɗaya ba. Ta ƙofar zaure ya ga inuwa tana gajarta.

Sai ya tsaya tsakiyar zauren, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya.

"Ina bawana? Ina Tankari mai ƙafar agwagwa, direban da ya taɓa yin ribas ya faɗa masai? Ka ji daɗinka, ka kwanta nan shekara guda ba aiki. To bari ka ji, na gaji rediyonka. Takalminka na salla ma ni ke sawa, ya yi mini kaɗan na yanke bayansa. Kuma na gaya wa duk 'yan tasha cewa ni na koya maka tuƙi!"

Fadawa suka dubi juna. Sarki ya ce, "Wannan wace irin addu'a ce?"

Barmo bai kula ba. "Kuma Gwaggo ta ce dama ni ta fi so, kai tsintar ka aka yi a kasuwar Jibiya, cikin kwandon tattasai!"

Can sama, kusa da rufi, wani garwashi ya yi ƙara, fat! Tartsatsi ya taso ya tsallake kawunan fadawa, ya sauka daidai kan kunnen Barmo na dama.

Barmo ya dafe kunne ya yi ihu, hawaye na zubo masa, yana dariya. "Shi ne! Wallahi shi ne, ɗan banza, kunnen ya nufa!"

Ya taka ramukan bango ya hau, ya juye garwashin cikin kaskon Gwaggo, ya sauko.

Sarki ya ce, "Ka ɗiba, ka tafi. Amma ka riƙe wannan: yau kai da bakinka ka ce mu maƙwabta ne, a gaban shaidu."

Barmo ya ji maganar, amma ba shi da lokacin auna ta. Ya ruga kasuwa, ya saɓa Tankari a kafaɗa kamar itace, ya kai shi bakin ƙofa ya jingina da mota. Ya ɗaga kasko zai juye masa a hannu, sai ya tsaya.

Inji a mace yake. Man gas ya daskare. Garwashi ɗaya gare shi. In ya ba Tankari, su biyu za su tsaya nan da mota matacciya har tafki ya buɗe. In ya hura wuta da shi, to da ran ɗan'uwansa yake hurawa, kuma garwashi in ya kunna wani sai ya ragu.

Ƙaton mai gadi ya sunkuyo yana kallo. Daga nesa tafki ya yi wata ƙara kamar an tsaga babban itace.

Barmo ya ce, "Bawana, yi haƙuri, yau ma aiki za ka yi mini."

Ya farke buhu, ya zaɓi gawayi mafi laushi, ya jera a faifan ƙarfe, ya ɗora garwashin Tankari a tsakiya. Ya kwanta rubda ciki yana hurawa a hankali, idonsa a kan garwashin, don kada ya ɓace masa cikin sauran. Ɗaya ya kama. Biyu suka kama. Garwashin Tankari ya ragu daga girman ƙwai ya koma girman goro. Da na uku ya kama sai Barmo ya tsame shi da yatsunsa, bai jira cokali ba, ya ruga ya sa a tafin Tankari, ya matse masa yatsu a kai.

Ya koma ya tura faifan ƙarƙashin tanki, yana fifita da hularsa kamar mahaukaci. Bayansa ya ji tari. Sannan ya ji murya a dishe.

"Kai mai kunnen faranti. Uban wa ya ce ka yanke mini takalmi?"

Barmo bai waiwaya ba, don kada a ga fuskarsa. Ya ce, "Rufe mini baki ka zo ka karɓi fifita."

Mota ta tashi a murɗawa ta huɗu. Suka kwashe sabuwar wutar cikin kaskon Gwaggo, suka hau tafki rana na gab da take tsaka. Ƙanƙara na tsagewa a bayansu, ruwa baƙi na bulbulowa, ayarin raƙuman nan na ƙasa suna gudu tare da su. Barmo bai ɗaga ƙafa daga totur ba, Tankari na riƙe da kasko a cinya yana zagin tuƙinsa. Hanyar da ta ci yini da kwana a zuwa, tsagar ta kore su suka cinye ta kafin la'asar. Tayar baya ta taka ruwa, ta gaba ta kama ƙasa.

Duk da haka sai da Barmo ya yi kwana biyu yana satar kallon bakin Tankari. Tankari ya gaji ya huro masa tururi a fuska. "Ga shi nan, ka gani? Ko in tofa maka yawu ka tabbatar?"

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Hannun Tankari na hagu, daga gwiwa zuwa yatsu, sanyi ƙalau yake kamar randa, ko a tsakiyar bazara. Safa yake sa masa. Duk wanda ya tambaya a tasha sai ya ce, "Wancan mai kunnen ne ya dafa injinsa da ni."

Ranar da suka iso Jibiya, Gwaggo Ige ta rungume ɗanta ta yi kuka har ta gode Allah. Da ta ga kaskonta kuwa sai ta share hawaye ta ce, "Ashe dai tsohuwar tana da amana." Barmo ya buɗe baki zai ba ta labari, gida ya cika da 'yan barka, ya ce bari sai an watse.

Washegari da sassafe yana zaune a tsakar gida yana shan koko, Gwaggo na hura murhu, Tankari na barci a ɗaki. Sanyin safiya bai gama sakin gari ba, kowa ya yi magana sai tururi ya fita. Sai aka yi sallama daga zaure, muryar tsohuwa, a hankali.

"Salamu alaikum, masu gida. Maƙwabta ne. Mun zo ɗiban wuta."

Gwaggo ta amsa da fara'a, ta kai hannu ga kasko.

Barmo ya ajiye kokon, ya riƙe mata wuyan hannu. Ta labulen zaure yana hango ƙafafu launin toka, ba biyu ba, ba goma ba, layi ne har waje.

Gwaggo ta ce, "Kai Barmo, sake ni mana. Yaushe aka fara hana maƙwabci wuta a gidan nan?"